Shin Tabarau na VR Zai Iya Horar da Ɗan Sama Jannati da Tsara Masa Masauki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin injiniyanci ne. Na ga hotunan 'yan sama jannati sanye da tabarau irin na wasan kwamfuta, an ce horo suke yi, an kuma ce da shi ake tsara ɗakunan da za a zauna a duniyar wata. Da gaske ne ko talla ce kawai? In da gaske ne, me ya sa har yanzu ake nutsar da su a ruwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da gaske ne, kuma abin ya daɗe. Hukumar NASA ta Amurka tana da ɗakin gwaji na VR a cibiyar Johnson da ke Houston tun farkon shekarun 1990, kuma an yi amfani da shi wajen shirya waɗanda suka je gyaran madubin hangen nesa na Hubble a Disamban 1993. Sai dai ka riƙe abu ɗaya tun daga nan: tabarau yana koyar da ido da ƙwaƙwalwa, ba ya koyar da hannu da jiki. Amsar tambayarka ta biyu ke nan, kuma duk abin da zai biyo baya a kanta ya rataya.

Iri biyu ne. VR yana rufe maka ido ruf, ba ka ganin komai sai duniyar da kwamfuta ta zana. AR kuwa gilashinsa garau yake, kana ganin injin da ke gabanka, sai a ɗora maka kibiya ko rubutu a kansa. Na farko na horo ne da tsara gini, na biyu na aiki ne a lokacin da ake yin sa.

Inda VR ba shi da na biyu shi ne koyar da ceton kai. Ɗan sama jannatin da ya fita wajen tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa (ISS) cikin rigar Amurka yana ɗaure da igiya, yana kuma goye da wata na'ura mai suna SAFER, saboda ranar da igiya za ta kuɓuce. An fara gwada ta a sarari a 1994. Tana da ƙananan bututu 24 masu fesa iskar naitirojin, amma iskar da ke cikinta ba ta wuce kimanin kilo 1.4 ba, wato gaba ɗaya canjin gudun da za ta iya ba ka kusan mita 3 ne a sakan. In ka ƙarar, ka ƙarar. Babu wurin da za a koya wannan a doron ƙasa. A ruwa, ruwan ne zai tsayar da kai. A jirgin saman da ke yin sama ya faɗo don samar da rashin nauyi, sakan 20 zuwa 25 kake samu a kowane zagaye, alhali ceton yana ɗaukar mintuna.

Ga yadda darasin yake. A sa maka tabarau, a ba ka sandar tuƙi irin ta ainihi, sai mai koyarwa ya cilla ka daga jikin tashar kana wulwulawa. Aikinka na farko shi ne ka fito da sandar ka kunna na'urar, sa'annan ka danna maɓallin da ke tsayar da juyawa da kansa. Sai ka nemo tashar, domin tana iya kasancewa a bayanka. Ka juyo ka fuskance ta, ka fesa iska kaɗan, ka saki, ka bari gudun ya kai ka. Kuskuren da kusan kowane sabon shiga yake yi shi ne danne sandar ba saki. Ya ga tashar tana nisa, zuciya ta ɗauka, sai ya yi ta fesawa. Daga baya ya iso da gudun da ba shi da iskar rage shi, ko ya wuce ta gefe. Wani kuma yakan ɓata iska yana gyaran karkata ƙanana da ba su da illa. Da ya ƙware da rana, sai a kashe masa hasken, domin tashar tana zagaya duniya cikin kimanin minti 90, dare yana riskar mai aiki a waje sau da yawa a fita ɗaya. Har yau ba a taɓa buƙatar SAFER don ceton gaske ba, amma ba a barin mai rigar Amurka ya fita bai ci wannan jarrabawar ba, har ma akwai tabarau a cikin tashar don tuna darasin kafin ranar fita.

Abu na biyu shi ne ɗaukar kaya. Mutane suna zaton tunda babu nauyi, akwatin batir mai ɗaruruwan kilo ya zama audiga. Nauyin ne ya tafi, turjiyar tana nan. Ka tuna tura motar da ta mutu a shimfiɗaɗɗiyar hanya: da ƙyar take motsawa, in kuma ta motsa, tsayar da ita ya fi wuya. Don haka a ɗakin gwajin na Houston akwai wani mutum-mutumi da ake kira Charlotte, wanda akwati ne rataye da igiyoyi da injuna ke ja. Kai kana riƙe da hannun akwatin na gaske, idonka yana ganin babban kaya a tabarau, kwamfuta kuma tana auna ƙarfin da ka sa ta motsa igiyoyin daidai yadda kaya mai wannan girman zai motsa a sarari. Darasin shi ne kada ka fizga. In ka tura ba ta tsakiyar nauyin kayan ba, zai fara juyawa, kuma in ƙafafunka ba a maƙale suke ba, kai ne za ka juya, ba shi ba. Lura da cewa sai da aka haɗa tabarau da ƙarfe da igiya kafin hannu ya koyi wani abu.

Sai aikin haɗin gwiwa da hannun ƙarfen tashar, wato Canadarm2, mai tsawon mita 17.6 da gaɓoɓi 7. Mai tuƙa shi yana ciki yana kallon allo, wanda ake ɗauka a bakinsa yana waje. A wurin da babu sama babu ƙasa, kalmar "matsa dama" ba ta da ma'ana sai an yi ittifaƙi: damar jikina ko damar tashar? Wannan ana gyara shi ne da maimaici, kuma manhajar DOUG ta NASA, wadda ke ɗauke da siffar tashar gaba ɗaya, ita ce ake bi da ita hanya-hanya, daga wannan mariƙi zuwa wancan.

To me ya sa ruwa? Saboda gani ba ci ba ne. Rigar fita ta Amurka tana cike da iska mai matsin kusan kashi uku cikin goma na iskar da muke shaƙa a ƙasa, kuma a waje babu komai, don haka safar hannun takan kumbura ta yi tauri. Duk damƙar da za ka yi kokawa ce da ita, awa shida ko bakwai, har farcen wasu yakan ɗaye. Tabarau ba zai gajiyar da yatsunka haka ba. Tafkin horon NASA yana da tsawon mita 62, faɗin 31, zurfin 12, da ruwa sama da lita miliyan 23, an nutsar da kwafin sassan tashar a ciki. A can ake sanin ko kafaɗa za ta kai ga noti, ko igiya za ta harɗe. Amma shi ma tafkin yana da tasa ƙaryar: ruwa yana riƙe kayan da ka saki, jikinka kuma yana da nauyinsa a cikin rigar, in aka kifa ka jini ya taru a kai. Ga tsada, domin kowane mutum ɗaya sai da masu nutso da yawa da ke tsaronsa. Shi ya sa ake fara sanin hanya a tabarau, domin kada a ɓata awannin tafki wajen neman inda mariƙi yake.

Tunda kai injiniya ne, ga inda na'urar kanta take kawo cikas. Daga lokacin da ka juya kai zuwa lokacin da hoton ya bi ka, kada ya wuce milisakan 20. Ana son hoto 90 a sakan, wato kwamfuta tana da milisakan 11 kacal ta zana kowanne, ga ido biyu. In ta makara, ido ya ce ana tsaye, kunnen ciki ya ce an motsa, sai jiri da zufa da tashin zuciya. Tazarar tsakanin idanu ma dole a daidaita ta ga kowane mutum, yawanci wajen milimita 63 ce amma ta bambanta; in an saɓa, girman abubuwa yakan canza a idon mai kallo. Rubutun allon kumbo kuwa ya daɗe yana gagara karantuwa a tabarau, har mutum ya riƙa kai fuska kusa da allo, abin da ba zai iya ba in yana ɗaure a kujera. Wannan ne ya sa a 2020 kamfanin Boeing ya ɗauki tabarau na Varjo, na ƙasar Finland, mai kaifin hoto sosai, don horon kumbon Starliner. Haɗarin da ya fi duk waɗannan a wurina shi ne koyar da mugun sabo. In a tabarau hannunka yana ratsa bango ba abin da ya faru, ko noti yana kwancewa da danna maɓalli ɗaya, kana koya wa mutum hanyar da babu ita. Gara a bar wani sashe ba a kwaikwaye shi ba da a kwaikwaye shi ba daidai ba.

Kai tabarau sararin samaniya ma wata matsala ce. Na kasuwa yana gane ƙasa ne ta hanyar ɗan ma'aunin da ke jin jan duniya. A tashar wannan ma'aunin ba ya jin komai, ga shi tashar kanta tana juyawa kimanin digiri 4 a minti. Sai hoton ya riƙa sulalewa yana karkacewa. Lokacin da aka aika wa Andreas Mogensen na Denmark tabarau na HTC Vive Focus 3 a ƙarshen 2023, don ya riƙa kallon daji da bakin teku saboda lafiyar ƙwaƙwalwa, mafitar da aka samu ita ce a kafe ɗaya daga cikin sandunan hannun a jikin tashar, tabarau ya ɗauke ta a matsayin turke.

NASA ta kai AR tashar da shirin Sidekick, mai amfani da HoloLens na Microsoft. Biyun farko sun tafi da rokar da ta tarwatse a Yunin 2015, wasu suka isa a Disamba, Scott Kelly ya gwada su a farkon 2016. Hanya biyu yake aiki: ko ƙwararre a ƙasa ya ga abin da kake gani ya zana maka kibiya, ko matakan aikin su bayyana a kan injin. A 2021 Soichi Noguchi na Japan ya duba injin gudu na motsa jiki da shi, Megan McArthur kuma ta yi aiki da shi a na'urar binciken Cold Atom Lab. Ribar a fili take: hannu biyu suna aiki, ba a riƙe da littafi ba. Amma in kibiyar ta goce da santimita biyu a allon da mahaɗan wayoyi suke jere kusa da juna, ta nuna maka wanda ba shi ba. Gocewar tana zuwa ne daga bango mai ƙyalli, da kayan da aka matsar tun bayan da na'urar ta haddace ɗakin. Don haka akan manna alama a jikin injin a daidaita kafin a fara, kuma ba a yarda da kibiya sai an karanta lambar da ke jikin abin. Muhimmancinsa zai fito ne a tafiyar Mars, inda saƙo kan ɗauki har minti 22 kafin ya isa, babu ƙwararren da zai ce maka "tsaya, ba wannan ba" a kan lokaci. Wani ciwon kai kuma shi ne kasuwa ta fi hukuma sauri: Microsoft ya daina ƙera HoloLens 2 a 2024, alhali shirin sararin samaniya yakan yi shekara goma ana gina shi.

Yanzu tsara masauki, wanda a ganina nan ne VR ya fi biyan kuɗinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Matsar da kabad a kwamfuta aikin yini ne. Matsar da shi bayan an yi walda an ja wayoyi yana iya cin watanni.

Ana farawa ne da zanen injiniyoyi, wanda ke da kowane zaren noti a ciki, ya fi ƙarfin tabarau nesa ba kusa ba. Sai an rage shi, a cire abin da ido ba ya gani, amma a bar duk abin da ya turo cikin ɗaki, kamar mariƙai da bututu da murafu idan an buɗe su. Daga nan a tabbatar da ma'auni. Ka ɗauko sanda mai mita ɗaya ta gaske, ka maƙala mata abin bibiya, ka ga ko ta yi daidai da mita ɗaya a ciki. Kuskuren inci da milimita yana faruwa fiye da yadda ake zato. Sa'annan kada a ce wa mutum ya shiga ya ga ko ya yi masa kyau. A ba shi aiki: ya canza matacin iska, ya ciro jaka daga bayan wasu uku, ya ɗauko abin kashe gobara ana ƙirga masa sakan, su biyu su wuce juna a ƙofa ɗaya. A rubuta inda gwiwar hannu ta bugi abu da inda ido bai ga ma'auni ba. Haka 'yan sama jannati irin su Raja Chari da Nicole Mann suka zagaya zanen tashar Gateway, wadda aka tsara don ta riƙa zagaya wata, a tabarau a 2024, tun ana kan gina sassanta.

Jikin da ake aunawa da shi ba irin namu na tsaye ba ne. A rashin nauyi mutum yakan ɗan duƙa da kansa, gwiwoyi a lanƙwashe, hannaye suna shawagi a gaba, ido yana kallon ƙasa-ƙasa. Tun zamanin tashar Skylab a shekarun 1970 aka auna wannan. Ƙashin baya kuma yana miƙewa, tsawo ya ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100. Wanda yake gwaji a Houston kuwa a tsaye yake a kan ƙafafunsa, don haka zai so allo a inda bai dace ba, kuma zai manta cewa silin ma wurin aiki ne. Akan gyara da sa mutum-mutumin kwamfuta masu wannan duƙawar, daga mace mafi ƙanƙanta zuwa namiji mafi girma a cikin ma'aunin hukumar. Kada kuma a manta da inda ƙafa za ta maƙale, domin ba tare da shi ba, in ka juya sifana kai ne za ka juya.

Akwai ƙaryar girma. Duk wanda ya taɓa tsayawa a fili bayan magini ya ja layin harsashi ya san ɗaki yakan yi kamar ba zai ɗauki gado ba, sai an tada bango ido ya gyaru. Tabarau ma haka yake ruɗar ido: a tsofaffin na'urori, mutane sukan ga nisa kamar kashi uku cikin huɗu na ainihinsa, sababbi sun rage amma ba su kawar ba. Ƙari a kan haka, ɗakin kwamfuta tsaf yake, alhali ISS cike take da jakunkuna da wayoyi da kwamfutoci a kowane bango. In ba a zuba wannan tarkacen a zanen ba, za a amince da fili da babu shi. Kumbon Orion na NASA yana da wurin zama kimanin kubik mita 9 ga mutum huɗu, na kwanaki kaɗan. Don tafiya mai tsawo irin ta Mars, masanan da NASA ta tara sun ba da shawarar kada a gaza 25 ga kowane mutum. A irin wannan matsin, santimita goma magana ce babba. Shi ya sa bayan tabarau ake gina kwafi da katako da kwali da soso, wani lokaci ma a sa tabarau a cikin kwafin, hannu yana taɓa katako ido yana ganin kumbo. Abin da ya rage bayan haka, wato ƙarar fanka dare da rana, wari, da iskar numfashi da ke taruwa a fuskar mai barci in iska ba ta zagayawa, sai lissafi da zama na gaske. Ana iya zana gudun iskar da launi a tabarau don a ga lungun da ta tsaya, amma lissafin ne ya samo shi, ba ido ba.

Duniyar wata ta zo da nata salon. A can ƙuryar kudancinta, inda shirin Artemis na mayar da mutane wata ya nufa, rana ba ta tashi sama, tana bakin gaɓar sama ne kullum, inda sama ta haɗu da ƙasa, digiri ɗaya ko biyu. Inuwa doguwa ce baƙa ƙirin, in ka fuskanci rana kuma ta kashe maka ido. Mu nan da hazo da bishiya da gini muke gane nisa: dutsen da ya yi dishi-dishi mun san yana nesa. Can babu iska, komai garau yake, kuma gaɓar sama tana kusa, kimanin kilomita biyu da rabi. A 1971 Alan Shepard da Edgar Mitchell na Apollo 14 sun yi ta hawa suna neman bakin ramin Cone, suka juyo ba su gan shi ba, daga baya aka gano kimanin mita 20 zuwa 30 ne kawai suka rage musu. VR yana iya nuna inda inuwa za ta faɗi a kowace awa ta ranar sauka, daga taswirar kumbon LRO da ke zagaya wata tun 2009. Amma taswirar tsayin ƙasa mafi kyau a can kusan mita 5 ce a kowane ɗigo, don haka duwatsun da ke ƙarƙashin ƙafarka a tabarau kwamfuta ce ta yayyafa su, kada a tsara hanya a kansu. Hasken allon tabarau kuma ko kusa bai kai na rana ba. Saboda haka NASA take fita hamadar Arizona da dare da manyan fitilu, Turai kuma ta buɗe zauren LUNA a Cologne ta Jamus a Satumban 2024, mai faɗin murabba'in mita 700 da tan 900 na ƙasar kwaikwayo. A gidan gwaji na CHAPEA a Houston, inda mutum huɗu suka yi kwana 378 daga Yunin 2023 zuwa Yulin 2024, dogayen tattakin Mars an yi su ne da tabarau a kan injin tafiya, amma zaman gidan da gajiyarsa na gaske ne.

In kana son taɓa abin da hannunka, ba sai ka je Houston ba. Manhajojin Unity da Unreal kyauta ne ga ɗalibi, bayanan LRO ma a buɗe suke a intanet. Ka auna ɗakin kwananka da tef, ka gina shi a manhajar da ma'auninsa daidai. Ka sa abokanka biyar su sa tabarau ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi nisan bango a idonsa, sa'annan su cire su faɗi na ɗakin gaske, ka rubuta bambancin. Daga nan ka mayar da ɗakin ya zama bututu mai faɗin mita 3, ka zuba masa jakunkuna a bango huɗu, ka ɓoye abin kashe gobara a bayan ɗaya, ka rage hasken, ka ƙirga sakan nawa kowa zai yi kafin ya kai gare shi. Ka matsar da shi wani wuri ka sake ƙirgawa.